Daminar da Wuyan Auta ya Kumbura

A gidanmu ni ne ɗan fari, wato wanda uwarsa ta haifa ta kuma kawar da kai. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina yaro "kai" take ce mini. Da na fara koyarwa aka yi mini ƙarin girma na koma "Malam", kuma a wannan matakin na yi ritaya. Duk son da kunya ta hana ta nuna mini sai ta adana shi, ta tsallake 'yan'uwana mata da ke tsakiya, ta juye wa Auta. Mutum ya haura arba'in, ga furfura a gemu, ga 'ya'ya, amma in ya shigo gida da yamma sai ta tambaye shi ko ya ci abinci, kamar matarsa ba ta da murhu.

Ni karatu ya ɗauke ni zuwa Malumfashi, inda na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane tarihin daulolin da suka rushe. Shi ya zauna a ƙauye da gonar Baba, can gefen hanyar Funtua, yana noman masara da waken suya, da 'yar auduga don kada a ce ya yar da gado. Manomi ne mai taurin kai irin na masu hankali. Ba ya yarda da sabon iri don an yabe shi a rediyo. In an kawo, sai ya ware masa 'yan layuka a gefen gona, ya shuka tsohon kusa da shi, ya zuba musu ido har kaka. Wanda ya ci shi ne na baɗi. Da an sa shi makaranta da ya yi malamin kimiyya, kuma da ɗalibai sun sha wuya.

Matarsa kuwa, na fi sanin miyarta da fuskarta. Tsakanin mace da yayan mijinta akwai katangar da ba a gani, ita kuma ta ƙara wa tata tsawo. Shekara da shekaru abin da nake ji daga bakinta bai wuce "Sannu da zuwa, Yaya" ba, daga durƙushe, fuska a gefe, sai kwano ya biyo baya. Gaban Inna ma haka take. Ba ta hawa tabarma ɗaya da ita, ba ta ɗaga murya. Da an ce in ba da shaida a kanta a lokacin, da na faɗi abin da muke faɗa a kan ɗalibin da ba mu lura da shi ba: mai ladabi, ba ta da surutu.

Tari ya fara wa Auta ne bayan casar waken suya. Aka ce ƙaiƙayi ne. Kaka ta wuce, ƙaiƙayi bai wuce ba. Zuwa bazara rigarsa ta zama kamar ta aro, yana kwana cikin zufa, ga wasu 'yan ƙananan kaluluwa sun fito masa a gefen wuya kamar ƙwayar gyaɗa. Na sa shi a tsohuwar motata muka tafi asibiti a Funtua, yana mita tun daga ƙofar gida har Bakori, inda numfashi ya ƙare masa.

Aka ɗauki kakinsa da jininsa, aka yi hoton ƙirji. Likitar da ta kira mu yarinya ce wadda, in da a ajina ta zauna, da na sa ta share allo. Ta tambayi Auta ko ya yarda in ji abin da za ta faɗa. Ya ce in zauna. Ta ce ciwo biyu ne. Akwai tarin fuka, ya taɓa huhu ya kuma taɓa kaluluwar wuya. Akwai kuma cutar da ke karya garkuwar jiki, ita ce ta buɗe wa tarin ƙofa. Na dubi ƙanena ina jiran ya firgita. Yana kallon takalminsa ne kawai, kamar wanda aka karanta masa sakamakon jarrabawar da ya san bai rubuta komai ba.

A hanyar komawa ya gaya mini. Tun cikin yaronsu na tsakiya aka shaida wa matarsa a wurin awo, aka ɗora ta a kan magani, kuma tun ranar ba ta fasa ba. Ta roƙe shi ya je a gwada shi, ta yi kuka, ta yi fushi, ta haƙura. Shi kuwa yana ganin wanda ke saɓa buhun masara shi kaɗai ba ya buƙatar wani ya leƙa masa jini.

"Yaya, amana," in ji shi. "Kowa ya ji tari. Wancan kuwa daga ni sai kai sai ita. Inna musamman."

Na ce na ɗauka. Ban tambaye shi daga ina ciwon ya shigo gidan ba. Na koyar da tarihi isasshe da zan san tambayar wa ya fara ba ta taɓa tsayar da yaƙi ba.

Maganin tarin aka fara ba shi, da safe kafin ya karya. Abin ya karɓe shi kamar da wasa. Zufa ta ɗauke, ya soma neman tuwo, ya kira ni a waya yana dariya wai fitsarinsa ya koma kalar manja, ko asibitin sun haɗa shi da 'yan kudu ne. Bayan 'yan makonni aka ƙara masa na biyun, na garkuwar jiki, cikin wata farar kwalbar roba, ƙwaya ɗaya kullum. Ruwan shuka ya sauka. Auta ya dafa sanda ya tafi gona ya tsaya a kan masu shuka yana yi musu gyaran tazara. Inna ta sa aka toya waina aka raba sadaka.

Masara ba ta kai gwiwa ba ya sake kwanciya.

Zazzaɓi ya dawo, ya fi na farko zafi. Tarin da ya lafa ya tashi. Kaluluwar nan da ta kusa ɓacewa ta kumbura, daga gyaɗa ta koma goro, daga goro ta koma ƙwan zabo, har ta kai ba ya iya juya kai sai ya juyo da kafaɗa gaba ɗaya. Fatar wurin ta yi ja tana sheƙi. Wanda ya gan shi a gona makon jiya, ya gan shi yau, sai ya yi salati.

Sai 'yan dubiya suka buɗe zama. A ƙasarmu mara lafiya ba ya rasa likita, don duk wanda ya cire takalmi ya shigo ya zo da ilminsa. Wani ya ce sammu ne, an ga gonarsa ta yi kyau. Wata gwaggo ta ce ciwon daji ne. Wani tsohon direba ya ce shi ma ƙanin matarsa haka ya yi, ya kuwa ba da labarin har zuwa jana'iza, da sunan wanda ya yi sallah. Aka kawo sassaƙe, aka kawo rubutu, aka kawo wani baƙin mai a kwalbar turare. Matar Auta tana karɓa da hannu biyu tana godiya. Amma a kan abu ɗaya duk makarantun suka haɗu: maganin asibiti ya yi masa ƙarfi, bai karɓe shi ba.

Na sake kwasarsa zuwa Funtua, wannan karon da matar a kujerar baya, ta rufe rabin fuska da mayafi. Likitar ba ta yi gaggawa ba. Ta tambaya ko ya tsallake magani. Matar ta girgiza kai tun kafin ya buɗe baki. Aka sake gwada kakin don a ga ko tarin irin mai bijire wa magani ne. Aka nemi wani ciwon daban da zai iya ɓuya a bayan wannan. Da komai ya dawo, ta zaunar da mu ta ce ba wanda aka samu, kuma abin da ke damunsa sananne ne a wurinsu. Yana faruwa ga wasu da suka fara maganin garkuwa bayan jikinsu ya riga ya yi rauni sosai. Da, garkuwar ta yi sanyi har ba ta iya tanka wa tarin. Yanzu magani ya tashe ta, ta waiga ta ga ƙwayoyin tari birjik, masu rai da matattu, ta far musu gaba ɗaya. Kumburin da zazzaɓin ƙurar wannan faɗan ce.

Auta ya dube ni, alamar in fassara masa Hausa da Hausa. Na ce masa ya ɗauka hedimasta ne ya yi doguwar jinya, makaranta ta lalace, yara suna shiga ta taga, amma shiru, ba mai kuka. Ranar da ya dawo ya ɗauki bulala, mai wucewa a hanya zai rantse yau ne makarantar ta lalace.

"To in ya kashe yaran fa?" in ji Auta.

Likitar ta yi dariya, sannan ta daina. Ta ce tambayar tana kan hanya, don wani lokaci faɗan kan yi tsanani har ya zama haɗari, shi ya sa ba za a bar shi haka ba. Ta ƙara masa wasu ƙananan ƙwayoyi na 'yan makonni masu sassauta kumburi. Ta sa allura ta zuƙe mugunyar da ta taru, sirinji ya cika. Ta ce in numfashi ya yi masa wuya ko kansa ya yi ciwo mai tsanani a kawo shi ko da wane lokaci ne. Sannan ta faɗi abu biyu, ta maimaita: kada a tsaga wurin a gida, don zai iya zama gyambon da ba ya rufewa. Kuma kada ya daina ko ɗaya daga magungunan, don in ya ajiye na garkuwa, ciwon da ke ƙarƙashi zai dawo ya same shi ba kowa a ƙofa.

Da jiki yana jin magana kamar ɗalibin kirki, da labarin ya ƙare a nan. Zazzaɓin ya ɗan sassauta, amma wuyan ya sake cika. Auta yana kwance a rumfa, yana jin ƙarar masu zuba taki a gonakin mutane, sai kansa ya koma aikin da ya saba. Ya ce mini shi fa ya yi lissafi. Da yana kan magani ɗaya yana samun sauƙi. Da aka ƙara na biyu ya kwanta. In ka zuba wa masara takin kamfa ta yi kore, ka ƙara yuriya ta ƙone, ba sai an kira malamin gona ya gaya maka wanne za ka janye ba. Zai ajiye farar kwalbar na ɗan lokaci ya gani.

Na ce masa gwaji yana son gona biyu, shi kuwa wuya ɗaya gare shi. Ya ce in bar masa Turanci.

Kuskurensa shi ne ya yi wannan lissafin da ƙarfi, Inna tana bayan zana tana tankaɗe. Ba ta san mece ce farar kwalba ba, amma ta ji abin da ya ishe ta: akwai wata ƙwaya da aka ƙara, kuma daga ita ɗanta ya kumbura. Ta fito da garin a hannunta, ta tsaya a kansa.

"Wace ce farar?"

Ya nuna mata da ido. Ta ɗauka, ta jijjiga, ta ɗaure a bakin zanenta.

"In dai ni na haife ka, in dai nonona ka sha, ka ƙara haɗiyar wannan ban yafe ba. Na tarin ka sha, na ga amfaninsa. Wannan kuwa na hana. Jibi wanzami zai zo ya yi maka sakiya, a fitar da mugun ruwan nan kowa ya huta."

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce ai sai a sayo wata kwalbar a ɓoye. Ba a rasa kwalba ba. Abin da aka rasa shi ne maƙogwaron da zai haɗiye ƙwaya bayan uwa ta ce ba ta yafe ba. Auta zai iya musu da likita, da malamin gona, da ni, da gwamnati. Da wannan kalmar kuwa ko a mafarki. Kuma na lura har wani sauƙi ya ji, don an yanke masa hukuncin da dama yake so, an kuma ɗauke masa alhakinsa.

Na bi Inna ɗakinta. Na yi mata bayani irin wanda na yi shekaru ina yi wa aji, da misali da komai. Har hedimastan na kawo mata. Ta saurare ni tana kallon bango, yadda ta saba.

"Malam, maganin mene ne?"

Na ce na ƙarfafa jiki ne.

"Ka ga ƙarfi a jikin nan?"

Ba ta jira amsata ba ta ɗora.

"Mutum yana tari, an ba shi na tari, ya tashi. Me ya kawo ƙari? Ko gwaji suke yi da 'ya'yan talakawa? In akwai abin da ka sani ka faɗa. In babu, ka je ka karanta jaridarka."

Akwai abin da na sani, kuma an ba ni shi amana. Na koma wurin Auta na ce ya sake ni in faɗa mata. Ya ce in na faɗa, gara wuyan ya kashe shi. Na fito zaure na zauna. Ban taɓa jin ilmi ya yi mini nauyi a banza kamar ranar ba. Ranar ta wuce bai sha ba, washegari ma haka.

Da yammacin rana ta biyu ina shirin tada mota, sai na ji an ce "Yaya" daga bakin zaure. Matar Auta ce tsaye a ciki, inda haske bai kai ba.

"Don Allah gobe ka zo da wuri. Kafin wanzami ya hura wuta."

Ban taɓa jin ta haɗa jimla biyu a jere ba. Na ce to.

Na iso da hantsi. Wanzamin gidanmu, wanda ubansa ya yi mana kaciya, ya riga ni. Yana zaune a zaure da zabirarsa a cinya, an kawo masa garwashi a kasko, ya jingina ɗan ƙarfen sakiyar a gefe. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi aiki. Na shiga ciki. An shimfiɗa wa Auta tabarma a ƙofar ɗakin Inna, an cire masa riga. Inna na kan kujerarta 'yar tsugunno da carbi.

Matar Auta ta fito daga ɗakinta da langa a rufe, kamar mai kawo koko. Ta zo har gaban Inna, kusa fiye da yadda na taɓa gani, ta durƙusa. Ta buɗe langar. Farar kwalba ce a ciki.

Inna ta taɓa bakin zanenta. Tata tana nan a ɗaure.

"Wannan kuma ta wa?"

"Tawa ce, Inna."

Auta ya yunƙura zai tashi, wuya ya hana shi. "Ke! Ke, wallahi..."

Ba ta dube shi ba. Kalmomin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kamar ta kwana tana jera su.

"Inna, ki kwance taki ki haɗa, iri ɗaya ce. Tun cikin mai sunan Baba nake sha. A wurin awo aka gaya mini ina da ciwon nan da ake faɗa a rediyo, mai karya garkuwa. Kullum sai na sha, da azumi ma da sahur nake sha. Kin ga na kwanta? Ni na yi miki daka, ni na yi miki wanki, na haifi biyu a kansa. Ba guba ba ce. Ni na fara da wuri, jikina bai faɗi ba. Shi ya daɗe bai fara ba, shi ya sa yake shan wannan wuyar. In kin hana shi, Inna, kumburin zai iya sauka, amma shi ma zai bi shi. Ki yi mini duk abin da kika ga dama. Ki ce in tafi gidanmu, zan tafi. Amma ki janye kalmar nan."

Ta faɗi nata ne kawai. Ba ta ce shi ma yana da shi ba, ta bar wa kwalaben biyu su faɗa. Kuma ta san, kamar yadda duk muka sani, cewa in irin wannan magana ta fito a gida, ba a kan ɗan gida take sauka ba. Wadda aka auro ita ake kallo. Da wannan sanin ta buɗe langar.

Carbin Inna ya tsaya. Ta kwance bakin zane a hankali, ta ajiye kwalbar Auta kusa da ɗayar. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta juya su ta kalli rubutun, ta buɗe kowacce ta zuba ƙwaya a tafin hannu, ta gwada. Wata kaza ta ratsa tsakaninmu ba wanda ya kore ta. Auta ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna motsi.

Da Inna ta yi magana, ba abin da na zata ta tambaya ba.

"Yaran fa?"

"An gwada su duka. Ba su da shi. Maganin ne ya tsare su."

"Duka?"

"Duka, Inna."

Ta yi hamdala a ƙasan maƙoshi. Ta daɗe tana kallon matar nan da ke durƙushe. Sannan ta ce, "Shekarun nan duk ke kaɗai kika riƙe wannan? A gidan nan, ina zaune?"

Matar ta ƙara sunkuyar da kai. Hawaye ne kawai ke ɗiga cikin langar.

Inna ta juya wajen Auta. "Kai kuma, shashasha. Ana ba ka magani kana lissafin taki. Tashi zaune." Ta miƙa masa ƙwayar da ke tafin hannunta, ta ce a kawo ruwa. "Na janye. Na yafe. In ka ƙi sha, wannan ne ban yafe ba."

Ya sha, da ƙyar, don haɗiya ma ciwo take masa.

Saura wanzami. Ba a kiran wanzamin gida ya hura wuta a sallame shi hannu rabbana, kuma ba za a gaya masa dalili ba. Inna ta yi ɗan tunani, ta ɗaga murya yadda za a ji a zaure, ta ce ta yi mafarki mara kyau a kan ƙarfe, an fasa sakiya. Amma tunda ya zo, ga Malam nan kansa ya yi buzu-buzu kamar ba ma'aikacin gwamnati ba. Haka na zauna a zaure aka yi mini ƙwal-kwabo, ni da rabona da askar wanzami tun ina firamare. Yana aski yana ba ni labarin wuyoyin da ya tsaga suka warke. Na ce Allah ya ƙara basira, ban motsa kai ba.

Ba zan ce komai ya zama daidai daga ranar ba. Inna ta yi kwanaki ba ta cin abincin kirki. Ta ware wa kanta kofi, ta ɗan ja jiki daga kwanon surukarta, sai da na kai ta ta ji daga bakin likita cewa ba a ɗauka ta nan. Ko bayan haka sai da ta ɗauki lokaci. Sau ɗaya ta tare ni a soro ta ce, "Malam, a cikinsu wa ya kawo?" Na ce ban sani ba, kuma likita ma ba za ta iya faɗa ba. Ta ce, "To ban tambaya ba." Ba ta kuma sake ba. Maganar ba ta taɓa fita daga bakinta zuwa ga 'yan'uwana mata ba, wanda duk wanda ya san Inna da 'ya'yanta mata zai san wannan ba ƙaramin jihadi ba ne. Ni ma ban rubuta wannan ba sai da Auta da matarsa suka ce in rubuta, in dai ba suna.

'Yan dubiya kuwa Inna ta samo musu amsa daga cikin nasu ilmin. Duk wanda ya ce magani bai karɓe shi ba, sai ta ce, "Ciwon ne ke fitowa. Ko ƙyanda ai wadda ta fito ba ita ke kisa ba." Likitar da na ba ta labari ta ce ba haka za ta rubuta a jarrabawa ba, amma ta ji bayanin da ya fi wannan nisa da gaskiya daga bakin masu digiri. Ta yi wa Auta faɗan kwanakin da ya tsallake, faɗa sosai, yana sunkuye yana "to, Likita, to, Likita".

Wuyan bai yi sauri ba. Sau biyu aka sake zuƙe shi da allura. Daga baya ya buɗe da kansa ta wani ɗan ƙaramin baki, yana tsiyaya, matar tana wankewa tana sa auduga yadda aka nuna mata. Ita ce kuma ta tsaya a kan gonar daga cikin gida, tana aika wa masu noman maimai abinci, tana tambayar wanda ya dawo ko an kai layin kan iyaka. Zazzaɓin ya ɗauke lokacin da masara ta fitar da gemu. Nama ya soma dawowa fuskarsa. Da aka zo karyar masara yana tsaye a gonar, siriri, da ƙyalle a wuya, yana faɗa da masu ɗaurin buhu. Ya gama maganin tari, aka gwada aka ce ya warke. Na farar kwalba kuwa na har abada ne, ya kuma sani. Tabo ya rage masa a ƙasan kunne, mai ɗan zurfi, kamar an dangwala yatsa a cikin tuwo.

Bara na kai Auta da matarsa karɓar magani, don motar haya ta yi wuya. Ina zaune a benci a waje sai wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta yafito Auta. Akwai wani magidanci daga wajen Danja a ɗakin, da matarsa, wuyansa ya yi tulu, ya zo ne ya mayar musu da maganinsu. Ta ce ko zai yi masa magana. Ƙofar a buɗe take, ina jin su.

Auta bai iya lallashi ba, bai kuma koya ba. Ya ɓalle maɓallin riga ya karkata kai.

"Ka ga wannan? Nawa ya fi naka. Naka ai ƙwan kaza ne, nawa sai da ya kai na talotalo."

"Ya sauka?" in ji mutumin, da wata murya ƙasa-ƙasa.

"Ya sauka mana, amma sai da ya ga dama. Za ka sha wuya, kada wani ya ruɗe ka. In ya yi zafi ka dawo nan su duba, su zuƙe. Me kake nomawa?"

"Tumatir. Da ɗan rake."

"To ka samu wanda zai kula maka da shi bana, kai ba za ka iya ba. Baɗi ka yi da kanka."

Mutumin ya daɗe yana kallon tabon. Ya ce ko zai iya taɓawa. Auta ya ce ya taɓa, ba a biya. Ya sa yatsa a hankali ya taɓa. Sannan ya juya ya ce wa matarsa ta mayar da kwalbar cikin jaka.